Haƙoran Jiratawa da Aka Rubuta wa Gidana

Zuwa ga Mai Girma Shugaban ofishin da ke ƙidayar haƙoran yaran da ake cirewa a asibiti, Maraɗi.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar girma, tare da tambayar lafiyarka da ta iyali da ta ma'aikatanka baki ɗaya, musamman 'yan matan nan biyu masu fararen riguna da ka aiko gidana. Ina gajiya, ina fama da ƙidaya? Allah ya ba da lada. Na san aikin ba wasa ba ne, don ni maɓallan riga ma in sun haura goma sai na sake lissafi.

Sunana Ilu, tela ne ni, ina zaune a unguwar Zariya ta nan Maraɗi shekara talatin da ɗoriya. Amma a Jiratawa aka yanke mini cibiya, matata Tsahara kuma 'yar Tibiri ce. Ka riƙe sunayen garuruwan nan biyu da kyau, don a kansu maganar take. Ban taɓa rubuta wa hukuma takarda ba, ta yau ma da ƙyar Tsahara ta bar ni. Na sa wasiƙar a buɗe ne saboda maƙwabtana su ma su ji, tunda dalilin ofishinka suka raɗa mini sunan da ba na yanka ba.

Na ɗaya: ziyarar da aka kawo mini.

Bayan ƙaramar salla da 'yan makonni, da hantsi, ina kan keke ina kai hannun wata riga, sai ga kabu-kabu biyu sun tsaya a ƙofar gida. 'Yan matanka suka sauko, ɗaya da kwali a kai, ɗaya da takardu. Suka tambaya ko nan ne gidan Ilu tela, na ce sun iso. Suka gaishe ni da ladabi, wannan kam ba zan ci haƙƙinsu ba, an yi musu tarbiyya. Daga nan mai takardun ta warware wata taswira mai launi-launi a kan teburin yankana. Ta nuna mini Jiratawa, kore shar. Ta nuna Tibiri, kore. Ta ɗora yatsa a kan Zariya, ja wur kamar an zuba manja. Ta bayyana mini cewa ja yana nufin inda aka fi cire wa yara haƙora a asibiti, kuma da suka bi littattafan rajista, babu gidan da sunansa ya yi ta maimaituwa kamar nawa. Saboda haka sun zo su ga yaran.

Na kira Tsahara na ce ta fito da yaran. Ta leƙo daga madafa da muciya a hannu, ta dube ni, ta dube su, sai da ta zauna a kan turmi don dariya.

Ranka ya daɗe, autan gidan nan gemunsa ya fi nawa, yana Damagaram da matarsa da ɗiyansa. Mazauna gidan nan yau su ne ni, da Tsahara, da tunkiya guda mai ciki. Haƙoran da suka rage a bakina kuwa ba su cancanci a yo musu tafiya daga ofis ba, goro ya riga ku zuwa tun da daɗewa.

Duk da haka 'yan matan ba su karaya ba, tunda an aiko su. Suka buɗe kwali suka fiddo wani ƙaton baki na roba, mai haƙora reras, suka koya mana yadda ake goge shi sama da ƙasa. Suka ja mana kunne a kan alawa da sukari. Muka saurara da kyau, mu biyu da tunkiya. Da suka gama Tsahara ta kawo musu kunun gyaɗa, ta zuba sukari yadda take zuba wa baƙon da take ganin girmansa, suka shanye tas, ba wadda ta sake ambaton sukari. Kafin su tafi suka bar mana kwalin buroshin yara, suka kuma yi mana albishir cewa saboda jan da unguwarmu ta yi, daga yanzu likitan haƙori zai riƙa zuwa ƙaramin asibitin unguwa kowane wata. Na yi godiya har da sa albarka. Da na san abin da ke cikin albishir ɗin nan, wallahi da ban gode ba.

Kafin la'asar labari ya gama layi. Yanzu a majalisar ƙofar masallaci Sarkin Wawulo ake kirana, mai sayar da alawa a bakin titi kuwa ta daina amsa gaisuwata, wai ni na jawo mata ido. Wannan duk na yafe, tsufa ya koya mini shan ba'a.

Na biyu: yadda haƙoran suka shigo gidana.

A nan dole in taka laifina kafin in hango na wani, don in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Gidana masauki ne. Duk ɗan Jiratawa da ya shigo Maraɗi da marar lafiya, in dai ya san ubana ko ya taɓa jin sunansa, nan yake sauka. Dangin Tsahara na Tibiri haka, na masallaci da na coci, tabarma ɗaya ce. Ciwon haƙori kuwa ba ya barin yaro ya jira, shi ya sa masu shi suka fi yawa a cikin baƙina. Su iso da yamma yaro na riƙe da kumatu, su kwana, da sassafe in raka su asibiti su kama layi.

To, a bakin tagar rajista akwai mai rubutu, tambayarta kuma guda ce kullum: daga ina? Kai da ka yi karatu, a wurinka amsar tambayar nan ɗaya ce. A wurinmu ba haka ba ne. Mutumin da ya kwana a ɗakinka, ya ci tuwonka, kana tsaye a bayansa, ba zai buɗe baki a gaban jama'a ya ambaci wani gari ba, sai ka ce ba shi da kowa a birni. Yin haka kamar ya ce masaukin bai yi masa ba ne. Ni ma in na bar shi ya faɗa, an ce na ƙi baƙona. Saboda haka amsar ita ce: Zariya, gidan Ilu tela. Ban ɓoye maka ba, sau da yawa ni nake riga su faɗa, ina ma ɗaga murya don na bayan layi su ji cewa mutanena ne. Akwai kuma masu cewa ɗan gari an fi saurin duba shi. Ban taɓa ganin shaidar haka ba, amma ban taɓa hana su faɗa ba.

Haka aka yi shekara da shekaru. Mai rubutu ba ta yi ƙarya ba, abin da aka faɗa mata ta rubuta. Mu ma ba ƙarya muka yi niyya ba, kara muka yi. Kuma ba gidana kaɗai ba ne, ka bincika, kusan kowane layi a Zariya akwai irina, wani na mutanen Tibiri, wani na ƙauyukan bakin gulbi. Ni dai na fi su baƙi ne, shi ya sa na ci sarauta.

Ni ban san ƙidaya irin taku ba, amma na san awo. Mace takan aiko ƙaninta da yadi ta ce a ɗinka wa mijinta riga. In na tashi na auna ɗan aiken, tef ɗina bai yi kuskure ba, lambobin da na rubuta daidai suke, amma rigar ba za ta shiga mai ita ba. Ranka ya daɗe, ɗan aike kuka auna.

Na uku: koren nan da kuka shafa wa garuruwanmu.

Ko da kowa ya faɗi garinsu na gaskiya, akwai sauran magana. Littafinku yana kama haƙorin da aka cire a kan kujerar asibiti ne kawai. Haƙorin da wanzami ya cire da awartaki a gindin bishiyar bedi fa, wa ya rubuta shi? Wanda aka yi ta cusa wa kanumfari da toka har ya marmashe da kansa fa? Ɗan kawun Tsahara, Mushe Yohanna, yadda muke kiran malamin boko, yana koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, a Tibiri. Da na ba shi labarin taswirar, ya ce in gaishe ku, kuma in gaya muku a ajinsa ba a rasa mai ɗaure da ƙyalle a haɓa, in an ce ya karanta sai ya nuna baki. Ya ce in koren na nufin lafiya ne, to a zo a gaya wa yaran, don su ba su samu labari ba.

Yaron da ya iso asibiti, an samu mai kawo shi, an samu abin hawa, an samu masauki. Wanda bai iso ba, ba wai bakinsa lafiya ba ne. Mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo.

Na huɗu, kuma saboda shi na ɗauki alƙalami: Zali.

Zali jikata ce ta wajen ƙanena marigayi, ɗiyar Hamza, shekararta tara. A Jiratawa suke. Hamza manomin rani ne, yana da ɗan fegi na tattasai da zogale, shi na riƙa tun mutuwar ubansa har na yi masa aure. Yarinyar nan baki gare ta kamar reza. Duk zuwana sai ta ce in yi dariya ta ƙirga abin da ya saura, ta ce in ba ta aron bakina ta ajiye kuɗin kashinta tunda akwai fili.

Akwai likitan haƙori da yake zuwa ƙaramin asibitin Jiratawa sau ɗaya a wata, ya kuma biya Tibiri. Kafin azumi ya duba Zali, ya ga ɗan rami a turminta na ƙasa, wajen dama. Ya gaya wa Hamza cewa wannan ba haƙorin nono ba ne, na din-din-din ne, amma abin bai yi nisa ba, ciko kawai yake so. Kayan cikon sun ƙare masa ranar, ya ce su dawo zuwansa na gaba. Hamza ya kai ta wata mai zuwa, ba likita. Ya sake kai ta, ba likita. A na uku ne majo, ma'aikacin jinyar wurin, ya gaya masa cewa an ɗauke shi, an mai da ranarsa wata unguwa a Maraɗi inda aka gano yara sun fi buƙata.

Ranka ya daɗe, unguwar nan tawa ce. Likitan da aka yi mini albishir da shi, har na sa albarka, na Zali ne aka ƙwace aka kawo mini, layi biyu da gidana, ya zo ya duba ni da tunkiya. Ranar da na haɗa wannan lissafi, abinci bai shiga cikina ba. Na ji kunya, na ji haushi, kuma na rasa wanda zan kama da faɗa, don duk inda na juya sai in ji muryata a bakin taga tana cewa gidan Ilu tela.

Za ka ce me ya hana Hamza kawo ta birni tun da wuri. Ka tambayi duk wanda ya san noman Jiratawa. Ruwa bi da bi ake sakinsa, ranarka in ta wuce ta wuce, tattasai kuma ba ya jin ba-haƙuri. Ya yi ta ba ta kanumfari yana cewa bari a wuce wannan ba-ruwan. Sai da kumatunta ya kumbura har ido ya ƙanƙance, sannan ya ɗauko ta a bayan babur suka iso gidana.

Da safe muka tafi babban asibiti mu uku. Muka iso taga, mai rubutu ta yi tambayarta. Hamza ya ce Zariya, gidan Ilu tela, yadda ya ji ana faɗa tun yana yaro. Ta fara rubutawa. Ni kuwa taswirar nan ta tsaya mini a rai, sai na matsa na ce: "A'a, ɗiyata, goge. Ba 'yan gidana ba ne. Rubuta Jiratawa."

Ka ji yadda bakin tsoho ya kwafsa. Nufina ɗaya, abin da ya fito daban. Kowa a layi ya ji. Hamza ya juyo ya dube ni, ya sunkuyar da kai. Mai rubutu ta ja layi a kan Zariya ta sa Jiratawa. Ka duba littafinka, za ka ga wurin da aka soke. Wannan gyaran ni na yi maka shi, kuma ya yi mini tsada.

Aka shiga da Zali. Ikon Allah, likitan nan dai ne na Jiratawa muka tarar ranar. Ya gane ta, ya leƙa bakin, ya girgiza kai. Ya ce ramin ya kai ga jijiya, ciko ya wuce, sai cirewa bayan kumburi ya saɓe. Ya ba da magani, muka koma bayan kwanaki aka cire. Mutumin kirki ne, na ga ransa ya ɓaci, shi ma inda aka tura shi yake zuwa. Ya kuma nuna wa Hamza wani baƙin ɗigo a turmin hagu, abokin wanda aka cire. Ya ce wannan har yanzu ana iya cetonsa, a bar wurin ya warke a kawo ta, amma kada a sake yin jinkirin da aka yi.

Tun daga ranar taga Hamza bai sake cin tuwon gidana ba. Zuwansu na biyu ma da asuba suka taso daga Jiratawa, a ƙofar asibiti muka haɗu. Na bi shi har gona na ba shi haƙuri, na kwashe labarin ja da kore na faɗa masa. Ya tarbe ni da girma, ya shimfiɗa mini buhu a inuwa, ya kira ni Baba kamar kullum, amma gaisuwar irin ta baƙo ce. Ya ce ya ji, ya kuma gode, sai dai tunda an rubuta su 'yan Jiratawa a gaban jama'a, to za su jira likita a Jiratawa. In bai zo ba, wanzami yana nan. Na san jinin, taurin kan ubansa ne, wanda shi ma a wurin ubanmu ya gada. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, kuma na san za mu shirya. Amma shirinmu yana iya ɗaukar shekara, baƙin ɗigon nan kuwa ba zai jira mu ba.

Na biyar: abin da nake roƙo.

Ba na roƙon a kori kowa, ko mai rubutu ko 'yan matanka, kowa aikinsa ya yi. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Ina roƙon a raba tambayar taga gida biyu. A fara tambaya ina kuka sauka, don mai masauki ya samu girmansa, baƙo ya fita kunya. Sannan a tambaya a wane gari yaron yake kwana sauran kwanakin shekara. In ana son gaskiya tsantsa ma, a tsallake babba a tambayi yaron sunan lakwal ɗinsu. Yaro bai san kara ba, zai faɗa kafin ubansa ya harare shi.

Ina roƙon kafin a sake shafa wa wani gari kore, a aika mutum ya zauna da wanzamai da malaman lakwal na garin ko da na yini ɗaya ne. Ba su da littafi, amma sun san bakin kowane yaro.

Kwalin buroshin da aka ba ni, kada a neme shi. Na raba shi biyu, rabi na kai Jiratawa, rabi Mushe Yohanna ya tafi da shi Tibiri. In an ƙara aiko wani, a rage wa kabu-kabu wahala a wuce da shi can kai tsaye.

Babban roƙona kuwa, a mayar wa Jiratawa da Tibiri ranar likitansu, da kayan ciko a jakarsa, a cikin watan nan in da hali. Yaran Zariya na gaskiya asibiti yana kusa da su, ƙafa ma tana kai su. Ni kuma na yafe nawa kason.

Ranar da aka cire haƙorin, Zali ta roƙi likita ya ba ta abinta, ya naɗe mata a auduga. A ƙofar asibiti, baki cike da auduga, ta tambaye ni a kan wane rufi za ta jefa shi, nawa ko nasu, don ta ji ana gardamar ko ita 'yar ina ce. Ka san al'adar, kai ma ka yi famfara: a haɗa haƙori da gawayi a jefa bisa ɗaki, a rufe baki kada ƙadangare ya ga giɓin, sai sabo ya fito. Na ce ta kai shi gida. Saboda haka in masu ƙidayarka suna son shaida, haƙorin yana kan rufin ɗakin uwarta a Jiratawa, ba a Zariya ba.

Da na je ba Hamza haƙuri, ita ta fara hango ni. Ta sheƙo da gudu, hannu a kan baki saboda ƙadangarun katanga, ta ja ni gefe ta buɗe mini in leƙa ko ya fara tsirowa. Na leƙa. Dasashi ne fili, ya warke sumul, ga baƙin ɗigon nan a ɗaya gefen yana kallona. Ta ce: "Kaka, yanzu ni da kai duk masu wawulo ne. Amma ni nawa zai fito, kai naka fa?"

Na yi dariya, na ce ta ci ni. Ban iya gaya mata ba, har yau kuma ba wanda ya gaya mata. Wancan ya tafi, ba ni da yadda zan yi. Na hagun ne yake hannunka.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya kare maka haƙoranka da na ɗiyanka, ya sa ka gama aikinka lafiya. In ka shigo Zariya ka biyo, akwai kunun gyaɗa, kuma in aka tambaye ka daga ina, na yarda ka faɗi gaskiya.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Ilu tela,
mazaunin Zariya, ɗan Jiratawa, kakan Zali.